Waiwaye: Titus, Uban da Ya Ba Sarki Komai

A watan Janairu na 1594 wani mai gidan wasa a Landan, Philip Henslowe, ya buɗe littafin cinikinsa ya rubuta cewa an yi sabon wasa a dandalinsa mai suna Rose, a bakin kogin Thames, kuma abin da ya shigo masa ranar fam 3 ne da sule 8. Kuɗi ne mai kauri a wancan zamani. Wasan shi ne Titus Andronicus, marubucinsa kuwa, Wiliyam Shekisfiya, bai cika shekara 30 ba. A shekarar aka buga shi littafi, aka sake bugawa a 1600, aka kuma a 1611. Har 1614 abokin sana'arsa Ben Jonson yana yi wa 'yan kallo gorin son tsohon yayi, don har lokacin akwai masu rantsuwa babu wasa irinsa.

Ba a rasa dalili ba. A unguwar da Rose take ake haɗa karnuka faɗa da dabbar beyar, mutane na biya suna kallo, kuma wanda ya ƙetaro gadar Landan yakan wuce ta ƙarƙashin kawunan waɗanda aka kashe da laifin cin amanar sarauta, a tsire a saman ƙofa. Masu irin wannan ido an ba su abin da suke so: mutum 13 ke mutuwa kafin a tashi, na 14 kuma an yanke masa hukunci. Daga baya masana suka yi ƙarni biyu da wani abu suna jin kunyar wasan, wasu ma suka ce sam Shekisfiya ba zai rubuta wannan aika-aika ba. Ni dai ba jinin ke mai da ni gare shi ba. Dattijon da ke tsakiyarsa ne. Ba ya ƙarya, ba ya cin amana, ba ya gudun yaƙi, ba ya kwaɗayin sarauta, kuma duk da haka babu wanda ya yi wa gidansa ɓarna kamar shi.

Titus ba ya cikin tarihi, ƙagaggen mutum ne da aka ajiye a ƙarshen zamanin daular Rum. Sarkin yaƙi ne. Shekara 40 yana ɗaukar takobi domin Rum, 10 na ƙarshe a kan Gotawa, mutanen arewa da suka daɗe suna kai wa daular hari. 'Ya'ya maza 25 ya haifa, 21 sun faɗi a fagen fama. Fitowarsa ta farko a dandali, makara ce a gabansa, kamammun yaƙi a ɗaure a bayansa, ga sauran 'ya'yansa huɗu, Lushiyus da Kwintus da Martiyus da Mutiyus. Ya buɗe hubbaren gidansu ya yi wa matattu bankwana da kalmomi masu taushi, babu mai jinsu ya ce mutumin nan ba ya son 'ya'yansa. Sai dai duk sa'ad da ya ambace su, da lissafi yake ambatonsu, kamar manomi yana ƙirga damin da ya kai gidan sarki. Yawan gawarwakin shi ne shaidar girmansa. Ya san haka, kuma yana tunatar da mutane.

A yinin nan guda ya yanke duk shawarwarin da suka hallaka shi. Cikin kamammun akwai Tamora, sarauniyar Gotawa, da 'ya'yanta uku. Lushiyus ya nemi a ba su babban, Alarbus, su yi hadaya da shi don ruhohin 'yan'uwansu su huta. Tamora ta durƙusa. Ta ajiye sarauta gefe ta yi magana irin ta uwa da uba, tana tambaya, in nasa 'ya'yan jarumai ne don sun yi wa ƙasarsu yaƙi, nata me suka yi da ya wuce haka. Titus ya amsa mata cikin ladabi, har da ba ta haƙuri, ya ce addininsu ne ya nema. Aka ja yaron aka sassare shi aka ƙona. Da a ce don mugunta ya yi, da abin bai tayar mini da hankali haka ba. Kukan matar bai yi masa daɗi ba, bai kuma yi masa zafi ba, bai shiga kunnensa ba ne ɗungum. Akwai ƙa'ida, ya bi ta, ya wuce abin da ke gaba.

Abin da ke gaba kuwa sarauta ce. Sarki ya mutu, 'ya'yansa biyu, Saturninus da Basiyanus, kowa ya tara mutanensa. Talakawan Rum, ta bakin wakilinsu Markus, ɗan'uwan Titus, suka ce Titus suke so. Ya ƙi, ya ce ya tsufa, me zai sa a naɗa shi yau gobe a sake neman wani. Wannan abin yabo ne, ba kowane mai takobi ke ture gadon sarauta ba. Amma da aka bar masa zaɓi, sai ya ɗauki Saturninus, wanda ɗazu-ɗazu ya ci masa fuska a bainar jama'a, ya ce wa mabiyansa su zare takubba. Basiyanus ya yi magana da hankali, ya ce a bar cancanta ta yi aiki. Titus ya ga wannan, ya ga wancan, ya zaɓi babban ɗa don kawai shi ne babba. Amanar da jama'a suka ɗora masa ita ce ya dubi halin mutum, shi kuwa ya dubi wanda ya riga zuwa duniya. Ya miƙa wa sabon sarki takobinsa da karusarsa da kamammunsa duka, har da matar da ya kashe wa ɗa a safiyar nan.

Sarki kuwa ya ce, don ya saka masa, zai auri 'yarsa Labiniya. Titus ya ce ya ba shi, nan take, bai ko waiwayi yarinyar ba. Alhali an riga an yi mata baiko da Basiyanus, kuma 'yan gidan sun san da haka. Basiyanus ya kama hannunta ya fita da ita, Markus ya ce yana da gaskiya, 'yan'uwanta maza suka rufa musu baya. Mutiyus ya tsaya a ƙofa ya tare hanya don su sami tserewa. Ubansa ya zo wucewa, yaron ya ce ba hanya, ya soke shi. Ɗa na 22 ke nan, kuma na farko da bai mutu a hannun abokin gaba ba. Jininsa bai bushe ba sarki ya leƙo daga bene ya ce ba ya bukatar yarinyar, ba ya bukatar ubanta, ya zage gidan tas, ya ce Tamora zai aura.

A dubi abin da ke fitowa daga bakin Titus bayan wannan. Zancensa duka a kan mutuncinsa da aka ci ne, an kunyata shi a gaban sarki, waɗannan ba 'ya'yansa ba ne. Da aka zo binne Mutiyus ya hana a sa shi a hubbaren gidan, wanda ya shekara 500 a tsaye, ya ce wurin na waɗanda suka mutu don Rum ne, ba na wanda aka kashe a rigimar titi ba. Sai da ɗan'uwansa da 'ya'yansa uku suka durƙusa masa kafin ya bari. Ko da ya bari ɗin, cewa ya yi ranar ta zama mafi baƙi a rayuwarsa don 'ya'yansa sun zubar masa da girma.

Rumawa suna da irin waɗannan labarai, suna alfahari da su, kuma da su yaran makarantun Ingila na zamanin Shekisfiya ke koyon Latin. Akwai Burutus, wanda ya kori sarkin Rum na ƙarshe, sannan ya zauna yana kallo aka fille kan 'ya'yansa biyu don sun haɗa baki da masu son dawo da sarkin. Akwai Manliyus Torkwatus, da ya sa aka kashe ɗansa a shekara ta 340 kafin haihuwar Annabi Isa, don ya fita daga sahu ya yi fito-na-fito da abokin gaba ba da izini ba, duk da cewa shi ya yi nasara. Ko mutum ya ƙi jinin waɗannan labarai, aƙalla an zauna an yi shari'a, akwai laifin da ya shafi ƙasa. Wasan ya ɗauko wannan tarbiyya ya nuna yadda take zama idan ta gama shiga jinin mutum: ba zama, ba tuhuma, hannu ya riga tunani. Ƙasar da aka ce ana karewa kuwa ta ƙare a son ran wani saurayi da ya ga wata macen ya canza shawara.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan uba, ko da bai riƙe takobi ba. Shi ne wanda ya yi wa amininsa ko ubangidansa alkawarin 'ya a zaure, ya shigo gida ya tarar tana da wanda take so, ya ce magana zarar bunu ce, shi ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne mai korar ɗa daga gida don ya ba shi kunya a gaban mutane, ya hana a ambaci sunansa. In ka tambaye shi zai rantse yana son 'ya'yansa, kuma ba ƙarya yake ba. Abin da ya faru shi ne ya ba wasu ajiyar mutuncinsa, a fada ko a majalisa ko a bakin maƙwabta. To duk ranar da masu ajiyar suka juya masa fuska dole ya nemi abin fansa, kuma abin da ya fi kusa da hannunsa 'ya'yansa ne. Cika alkawari hali ne na ƙwarai, amma alkawarin da za a cika da rayuwar wani, sai a fara jin ta bakin mai rayuwar. Biyayya ga shugaba ita ma tana da iyaka, malamai sun daɗe da faɗa mana inda ta tsaya. Titus bai taɓa tsammanin tana da iyaka ba.

Ramuwar Tamora ba ta ɗauki lokaci ba. A fili ta sasanta su da sarki, a ɓoye ta rantse sai ta ga bayan gidan. Washegari aka fita farauta. 'Ya'yanta biyu da suka rage, Kairon da Dimitriyus, suka kashe Basiyanus suka jefa shi rami, suka keta haddin Labiniya, suka yanke mata harshe da hannuwa biyu don kada ta faɗa, kada ta rubuta. Kafin haka ta roƙi Tamora, mace da mace, ko da kashe ta ne ta yi. Tamora ta tuna mata ranar da ta zubar da hawaye a gaban ubanta. Wanda ya tsara duk wannan shi ne Aaron, wato Haruna, baƙin mutum daga cikin kamammun, kwarton sarauniya. Shi ya ja Kwintus da Martiyus zuwa ramin, ya ɗora musu kisan da wasiƙar jabu, aka yanke musu hukuncin kisa.

Kashi na uku shi ne zuciyar wasan, kuma a nan nake ganin matashin marubucin ya fara nuna abin da zai zama. Ana wucewa da yaran biyu a ɗaure, Titus ya kwanta a ƙasa a kan hanyar alƙalai yana roƙo. Mutumin da ya hana uwa ɗanta shekaranjiya, yau shi ne a turɓaya. Ya tuna musu shekarunsa da jininsa da dararen sanyi da ya kwana yana gadi, suka ratsa ta gefensa suka wuce, ya ci gaba da magana da duwatsun hanya, don a ganinsa sun fi alƙalan sauraro. A cikin roƙon nan ya faɗi maganar da ta fi kowace tona shi. Ya ce 'ya'ya 22 ya rasa bai taɓa yi musu kuka ba, saboda mutuwar girma suka yi. A farkon wasan 21 ne. Ana iya cewa tuntuɓen alƙalami ne. Amma yadda maganar ta zo a rubuce, Mutiyus ya shige cikin lissafi, an haɗa shi da waɗanda suka faɗi a yaƙi, an rufe littafi, kuma daga nan har ƙarshe uban bai sake kama sunansa ba. A lura kuma da abin da ya sa shi kuka yanzu: waɗannan biyun za su mutu da sunan masu laifi. Ko hawayensa na farko da zancen girma a cikinsu.

Sai aka kawo masa Labiniya. A nan wani abu ya karye a cikinsa, kuma mutumin da ya fito daga karayar ya fi wanda muka gani da farko. Haruna ya zo da saƙon ƙarya, wai sarki ya ce in ɗaya daga cikinsu, Titus ko Markus ko Lushiyus, ya yanke hannunsa ya aika, za a sako yaran. Su ukun suka shiga gardama, kowa na cewa nasa za a yanke. Titus ya yi kamar ya haƙura, suka tafi neman gatari, suna ba da baya ya miƙa wa Haruna nasa. Mu kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dattijon nan ya yanke ɗa lafiyayye ya yar don sarki, yanzu ya yanke hannu lafiyayye don 'ya'ya, kuma a ganina da wuya a sami wurin da son uba ya fito fili haka a duk wasannin Shekisfiya. Jim kaɗan ɗan aike ya dawo da kawunan yaran biyu, da hannun. Markus ya ce masa yanzu ne lokacin ya ɓarke da baƙin ciki, me ya sa ya yi shiru. Titus ya fashe da dariya, ya ce hawayen sun ƙare.

Akwai wata fitowa da babu ita a bugu ukun farko, sai a babban kundin wasannin Shekisfiya na 1623. Ragowar iyalin na zaune a bakin abinci. Titus ya ce wa 'yarsa zai koyi karanta ta: ajiyar zuciyarta, ƙiftawar idonta, yadda take ɗaga dungun hannunta sama, duk zai mai da su haruffa har ya iya. Karo na farko ke nan da ya damu ya san abin da Labiniya ke nufi, bayan ba ta da harshe. Lokacin da take da shi bai tambaye ta ba. A wurin cin abincin ne Markus ya kashe ƙuda da wuƙa, Titus ya yi masa ca, yana tambaya ko ƙudan nan ba shi da uwa da uba da za su yi kukansa. Mai kallo zai ce tsoho ya zare. Ni ina ganin tambayar da ya kamata ya yi wa kansa a kan Alarbus ce ta iso a makare. Ba ta daɗe ba kuwa, don da Markus ya ce ƙudan baƙi ne kamar Haruna, Titus ya karɓi wuƙar ya ci gaba da sukarsa.

Labiniya da kanta ta nemo hanyar magana. Ta bi jikan Titus, ƙaramin Lushiyus, da gudu har ya zubar da littattafansa, ta yi ta buɗe littafin mawaƙi Ovid da dungunta har ta kai labarin Filomela, wadda aka yi wa irin abin da aka yi mata. Sannan ta riƙe sanda da baki ta rubuta sunayen mutanen biyu a kan rairayi.

Haruna yana bukatar a tsaya a kansa. Masana da yawa na ganin George Peele ne ya rubuta kashin farko na wasan, shi kuwa Peele yana da wani wasa a kan yaƙin Alkasar da aka yi a Maroko a 1578, mai ɗauke da baƙin mugu irin wannan. Sarkin da ya hau bayan yaƙin, Ahmad al-Mansur, shi ne rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya Songhai a Tondibi a 1591, kusan lokacin da ake rubuta Titus. Landan na ciniki da Maroko, tana jin labarinta, a dandali kuwa an mai da baƙar fata alamar shaiɗan. Haka aka gina Haruna, yana alfahari da mugunta, yana cewa in ya taɓa yin alheri ya yi nadama. Ba zan wanke wannan ba, ƙazanta ce, ta kuma daɗe tana aiki a kan mutanenmu. Amma sai ga abin da marubucin ya yi da shi. Tamora ta haifi ɗa baƙi, ta aiko mai reno da jaririn a kashe shi kafin asiri ya tonu. Haruna ya zare takobi a kan 'ya'yan sarauniya, ya ce duk wanda ya taɓa yaron ya mutu. Ya kashe matar da ta kawo shi don kada ta yi magana, ya bar fada, ya bar sarauniya, ya bar duk abin da makircinsa ya samo masa, ya gudu da jariri a hannu yana yi masa zancen nonon akuya da saiwar daji da zai ciyar da shi. Da mutanen Lushiyus, wanda aka kora daga gari ya dawo da rundunar Gotawa, suka kama shi bai roƙi ransa ba. Cewa ya yi zai tona komai in an rantse masa yaron zai rayu.

Mutumin kirkin wasan ya kashe ɗansa don sarki, mugun wasan ya yar da sarauniya don ɗansa. Ban ɗauki wannan yabo ga Haruna ba. Son ɗanka kaɗai ba nagarta ba ce, ya hallaka 'ya'yan wasu ko ƙiftawa bai yi ba. Abin da yake nunawa shi ne son ɗa ba koyonsa ake ba, ko wanda ba shi da wani alheri yana da shi. Danne shi ne ake koyo. Shekara 40 Rum ta yi tana koya wa Titus, tana yi masa kirari duk dawowar da ya yi da makara, har ya iya. A tsakiyar ƙarni na 19 Ira Aldridge, baƙar fatar Amurka da ya yi suna a dandalin Turai, ya sa aka sake rubuta wasan, aka cire fyaɗen da yanke-yanken, Haruna ya zama mutumin kirki. Na fahimci abin da ya sa shi. Sai dai da aka wanke Haruna, zafin kwatancin ya tafi.

Titus ya yi kamar ya haukace, yana sa a harba kibau sama da wasiƙu zuwa ga alloli. Tamora ta yarda ya haukace, ta zo gidansa cikin shigar burtu da 'ya'yanta, ta tafi ta bar masa su. Ya yanka su, Labiniya na riƙe da tasar jini, ya dafa su cikin abincin liyafar sulhu, ya fito da kayan kuku yana zuba wa sarki da sarauniya. Wannan ne kowa ke tunawa da wasan, ni kuwa ba zan daɗe a kansa ba, don abin da ya faru kafin ya tona asirin abincin ya fi shi nauyi. Ya tambayi sarki ko Birjiniyus ya yi daidai da ya kashe 'yarsa. Sarki ya ce ya yi daidai, don kada yarinya ta rayu da abin kunya tana sabunta wa ubanta baƙin ciki. Titus ya ce hujjar ta ishe shi, ya kashe Labiniya a wurin.

A labarin da marubucin tarihi Livy ya kawo, Birjiniyus ya kashe 'yarsa ne kafin azzalumin alƙali Afiyus Kalaudiyus ya kai gare ta, ba shi da hanyar ƙwato ta, kuma ko wannan ba abin koyi ba ne. Labiniya kuwa an riga an kashe waɗanda suka zalunce ta, wanta na zaune a wurin da runduna a bayansa, ga baffanta, ga gida. Babu abin da ya rage da za a kare ta daga gare shi sai idon mutane. Wasu masu shirya wasan sukan sa ta tako da kanta ta miƙa wuya, don a ce da yardarta. Rubutun bai ce haka ba, ya dai ce ta shigo da lulluɓi, kuma yarinyar da ta riƙe sanda da baki don ta kama sunan azzalumai ba ta yi kama da wadda ta gama da rayuwa ba. A dubi ma wanda aka nemi fatawarsa. Bayan kawuna biyu da hannu guda, har yanzu wurin sarki Titus ke jin abin da zai yi da 'yarsa. Za a ce tarko ya ɗana wa sarkin. Ko tarko ne, da ranta ya ɗana shi. Ya yi alkawarin koyon karanta ta, a ƙarshe bai tambaye ta ba, daidai da ranar da ya ba da ita aure. Ita aka zalunta, ita aka ɗora wa kunyar. Wannan tunani bai mutu da Rum ba. A shekara ta 2000 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata da suka kai 5,000 ne danginsu ke kashewa kowace shekara da sunan wanke suna. Inda ba a kisa ma akwai ɓoyewa, da aurarwa cikin gaggawa, da hana kai ƙara don kada a ji. Suratut Takwir ta yi maganar ranar da za a tsaya a kan shari'ar yarinyar da aka binne da rai, kuma cikin masu binnewar nan akwai waɗanda gudun abin kunya ne hujjarsu.

Sauran ya zo a guje. Titus ya soke Tamora, sarki ya soke Titus, Lushiyus ya soke sarki. Sai a kan gawar muka ji wani abu da ba a nuna mana ba. Lushiyus ya kira ɗansa ya zo ya yi wa kakansa bankwana, yana tuna masa yadda tsohon ke yi masa rawa a kan gwiwa, ya rera masa waƙa har ya yi barci a ƙirjinsa, ya ba shi labarai. Ashe yana da wannan duka. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, mun san dattijon da ko sunan ɗan farinsa ba ya kamawa, amma jika ya ja masa gemu yana dariya. Kunya ba laifi ba ce, kawaici ma ado ne, matuƙar ɗan ya san abin da ke ƙarƙashinsu, ya kuma san ina ubansa zai tsaya ranar da aka zo zaɓi tsakaninsa da idon mutane. Aƙra'u bin Habis ya ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'ya goma gare shi bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi a kan rahama ce, da abin da ke samun wanda ba ya yin ta, kuma ta dace da Titus tun daga ranar da Tamora ta durƙusa masa.

Wasan ya dawo da martabarsa a 1955, lokacin da Peter Brook ya shirya shi a Stratford, Laurence Olivier ya fito a Titus, Vivien Leigh a Labiniya, da jajayen ƙyallaye na zuba daga bakinta da hannuwanta a madadin jini. Shekara 10 ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu, masu kallo sun ga abin da masu bin umarni ke iya aikatawa, da wuya su ce labarin ya wuce hankali. A 1995 aka yi shi a gidan wasa na Market a Johannesburg, shekara guda bayan zaɓen da ya kawo Mandela, Antony Sher ya fito da Titus a matsayin tsohon janar na Turawan ƙasar masu jin Afrikaans. Shekisfiya kansa ya koma ga wannan uba. Ɗansa namiji tilo, Hamnet, ya mutu a 1596 yana shekara 11, bayan kamar shekara 10 ya rubuta King Lear, labarin wani tsohon da ya kori 'yar da ta fi sonsa don ta ƙi yi masa daɗin baki a gaban fada. Amma Lear ya rayu har ya nemi gafarar 'yarsa. Titus ya ba da hannu, ya ba da rai, bai taɓa ce wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya yafe masa ba.

Cikin 'ya'ya 26 Lushiyus kaɗai ya rage, shi ma don an kore shi daga gari ne saboda ya zare takobi zai ƙwaci 'yan'uwansa. Ya dawo a gaban rundunar Gotawa, mutanen da 'yan'uwansa suka ƙare wajen tarewa, Rumawa suka naɗa shi sarki. Hukuncinsa na farko shi ne a binne ubansa da Labiniya a hubbaren gida, a binne Haruna iya ƙirji a bar shi da yunwa, duk wanda ya tausaya masa ya mutu, a jefa gawar Tamora ga namun daji da tsuntsaye. Shi ne dai ya nemi jinin Alarbus tun farko, kuma babu alamar ya ga alaƙar wancan da wannan. Saura jaririn da ya rantse zai raya. An nuna shi ga jama'a a matsayin shaida, daga nan rubutun ya yi shiru, kowane mai shirya wasan sai ya yanke da kansa. Jane Howell, a wanda ta yi wa BBC a 1985, ta nuna shi a mace cikin ɗan akwati. Julie Taymor, a fim ɗinta na 1999, ta sa jikan Titus ya ɗauke shi ya fita da shi daga filin. Na fi son na Taymor, amma na Howell ya fi kama da aikin ɗan da ya tashi a gidan Titus.